Kakin Usta Nusrat

"Tsaya, Rubaba. Abin nan da nake hangowa a ƙasa sunan Allah ne?"

Muluk ta toge a bakin matakalar ɗakin ƙasa, ta cije gefen mayafinta da haƙori, jakar tafiyarta ma ba ta ajiye ba. Ni ina can ƙasa riƙe da buta, ina yayyafa wa daɓe ruwa.

"Sunan Allah ne," na ce. "Huwa. Ai kin iya karatu."

"Kuma muna tafiya a kansa da takalma?"

"Da silifa dai. Ki sauko ki gani, ko ki ja min ƙofar. Sanyin kike fitarwa."

Ba ta sauko ba. Ta ja ƙofar a hankali, na ji takunta yana bin gefen bango, ta ƙi taka tsakiyar ɗakin da ke samana.

A ranar ne aka dawo da Usta Nusrat daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama a shanye, bakinsa a karkace. Muluk ƙanwarsa ce, ta taso daga Mashhad don ta yi jinyarsa. Mu uku lungu ɗaya muka tashi a nan Yazd, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Ita ta auri wani mai sayar da darduma ta bi shi, ta je Makka ta dawo, yanzu kowa Haj Hanum yake ce mata, wato Hajiya. Ni dai Muluk na sani, wadda muke satar rumman tare a gidan maƙwabta, kuma har gobe in ta tsuke baki yarinyar nan nake gani.

Shi Usta, kamar yadda muke kiran gwanin sana'a, da alƙalamin kara ya fara. A samartakarsa rabin allunan shagunan kasuwa rubutunsa ne, da duwatsun kaburbura da dama. Yana zuwa zaman zikiri wurin wani tsohon sufi duk Alhamis, kuma daga can ne ya dawo wata rana ya ce wai harafi ya gaji da kwanciya a kan takarda, so yake ya miƙe tsaye. Tun daga nan ya koma gina kalma ɗaya tak da kakin zuma, Huwa, wato Shi. In ya gama sai ya kai wa abokinsa Aga Hushang, mai zubin tagulla a bayan gari. Can za su lulluɓe kakin da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya fice, sannan su zuba narkakkiyar tagulla a gurbin da ya bari.

Ga inda haukan yake. Tagullarsa buhu ɗaya ce, kuma bai taɓa ƙarawa ba. In aka zuba aikin, sai ya girke shi a tsakar gida ya yi ta zagaya shi, rani da hunturu, har ya gano masa aibu. Daga nan sai in ji guduma ta katanga. Ya farfasa, ya mayar buhu, ya sake ɗauko kaki. Mutane sun sha zuwa daga Tehran da manyan tabarau suna roƙon ya ba su su nuna a ɗakin nuni. Ya ba su shayi, ya raka su har bakin lungu, ya ce bai gama ba.

"Usta," na kan ce masa ta saman katanga, "mutum ya tsufa ba mata, ba ɗa, ba ko abin da za a nuna a ce nasa ne?"

"Rubaba Hanum, ke miyarki kullum sai kin sake dafawa, wa ya ce miki mahaukaciya?"

"Tawa ana sha."

Bana, bayan bikin sabuwar shekara, shi da kansa ya kira ni. Na shiga na tarar da shi zaune a ƙasa, hannuwansa a kan gwiwa. Abin yana gabansa, tsayinsa ya kai ƙuguna, launin zuma. Ta nan in ka duba rubutu ne, harafi biyu a sarƙe. In ka matsa gefe kaɗan sai ka ga mutum ne ya sunkuyar da kai, numfashi na fita daga ƙirjinsa ya nannaɗe ya yi ƙasa. Ni ba na gane irin waɗannan abubuwa, kuma ba na ƙaryar ganewa, amma sai da na ji na saki wani dogon numfashi ban shirya ba.

"Wannan ba zan fasa ba," ya ce.

Aikin tagulla na baya kuwa tuni ya farfasa shi, buhun yana wurin Aga Hushang yana jira. Sai zafi ya shigo da wuri, aka fara ɗauke wa masu sana'a wuta da rana ba sanarwa. Aga Hushang ya ce ba zai hura tanderu ba, don in wuta ta tafi ana tsakar narki, ƙarfen daskarewa zai yi a tukunya. A jira kaka, lokacin da rumman ke nuna. Shi ya sa aka saukar da kakin ɗakin ƙasa, inda tun kakanni ake ajiye kankana da tulunan ruwa. Ba a daɗe ba Usta ya faɗi a bakin famfo yana alwala.

To, ka ga yadda muka shiga bazarar. Tsoho a kwance a sama, kaki a tsaye a ƙasa, kowannensu ana fata ya kai kaka. Duk abin da Usta ya yi a duniya yana cikin ɗakin nan, kuma abu ne da rana ɗaya ta Yazd za ta iya gamawa da shi.

An shimfiɗa masa a ɗakin bazara, wanda ke daidai saman ɗakin ƙasa, don nan iska ke saukowa. Kowace safiya ina shigowa da burodi mai zafi, in sauka in jiƙa buhunan da ya rataya a bakin tagar iska, in yayyafa ruwa, in hau. Idonsa na kan ƙofa.

"Yana... tsaye?"

Maganar da ƙyar take fita, sai ka kasa kunne.

"Yana tsaye. Ya ma fi ka."

Sai ya yi dariya da rabin baki, yawu ya zubo, Muluk ta goge masa. Jinya kam ta iya, ba zan ci haƙƙinta ba. Ita ke juya shi, ita ke shafa masa man zaitun a matacciyar ƙafar, ita ke ba shi miya da cokali tana hura masa. Amma abin da ke ƙasa ya hana ta sakat. Ba ta taka tsakiyar ɗakin. In 'yan dubiya suka zo suka zazzauna a kan darduma suka miƙe ƙafa, sai in ga leɓenta yana motsi da istigfari.

Wata rana ina yanka kankana ta kasa haƙuri.

"Yaya, takardar da aka rubuta bismillah in muka tsinta a hanya, ɗauka muke mu sumbata mu soke a katanga. Haka Inna ta koya mana. Kai kuma ka ɗauki sunan sukutum ka kai rami, ka zo ka kwanta a kansa."

"Shi... ko'ina yake."

"Kada ka kawo min zancen sufayenka. Su suka hana ka aure."

"Ba su ba ne," na ce. "Fuskarsa ce."

Ba ta yi dariya ba. "Da gaske nake, Rubaba. Mutum na neman sauƙi wurin Allah, ga ƙazantar jinya, ga tasar fitsari, duk a saman sunansa. Ta ina sauƙin zai zo?"

"Kaki ne, Muluk. Ba ya son zafi. Da kaka ta yi za a zuba shi, ki ɗora shi a kan hasumiya in kina so."

"Na ji. Ni ba yarinya ba ce. Kyandir ma ai sai an kunna masa wuta yake narkewa."

Na buɗe baki zan amsa, Usta ya sarƙe da ruwan kankana, muka yi kansa. Maganar ta bi ruwa. Muluk ta daɗe a Mashhad, inda bazara ke da kunya. Ta manta irin ta garinmu, wadda ke lanƙwasa bokitin roba in an bar shi a rufi.

Ana tsakiyar zafi zazzaɓi ya kama Usta. Ya daina tambayata, sai ido. A daidai lokacin kuma aka aiko daga Mehriz, wani gari kusa da mu, cewa 'yata ta sauka, haihuwar ta zo da wuya. Dole na tafi. Kafin in fita na kama hannun Muluk na kai ta bakin matakala, na nuna mata buta da buhunan.

"Safe da la'asar. Kada ki bar ƙofar a buɗe."

"Je ki, Allah Ya raya. Zan kula da shi yadda ya kamata."

Na yi 'yan kwanaki a can. Ranar da na dawo, da azahar ce, lungu ba kowa, ko kyanwa ta nemi inuwa. Na shiga gidan na tarar da Usta a jingine da matashi, zazzaɓi ya sauka, har an yi masa aski. Muluk tana ta fara'a, ta tsiyaya min shayi, ta tambayi jariri da mai jego. Shi kuwa bai bari na kai kofin baki ba.

"Ba ta... sauka," ya ce. "Ba na jin... matakala."

"Me zan sauka in yi?" in ji Muluk. Ta gyara zama, fuskarta cike da murna. "Dama so nake sai ka ƙara ƙarfi in gaya maka. Na mayar da shi inda ya dace. Kuma wallahi Yaya, a ranar zazzaɓinka ya sauka. A ranar."

"Ina?"

"Ɗakin sama. Na share, na goge, na turara. Na sa shi a alkukin da ya fi kowanne tsawo, na rufe shi da koren ƙyallen da na zo da shi daga hubbaren Imam na Mashhad. Na kulle ƙofa da taga don ƙura. Yanzu babu ƙafar da ke samansa."

Ɗakin sama ɗakin hunturu ne. An gina shi ne don ya kama rana, tagoginsa gilashi ne masu launi tun daga ƙasa har rufi. Usta ya rufe ido. Ni ban san lokacin da na ajiye kofin ba.

Da na buɗe ƙofar ɗakin, zafi ya doke ni a fuska, ga ƙamshin zuma ya cika ko'ina. Ƙyallen yana nan a alkuki, amma ya yi ƙasa, tsayin abin da ke ciki bai wuce tukunyar miya ba. Kaki ya biyo bango ya sauko ya daskare a kan farar ƙasa. Na ɗaga ƙyallen, ya ƙi rabuwa, sai da na ɓamɓare. Kan ya faɗa cikin ƙirji, jelar harafin ta baje. Ba rubutu, ba mutum. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Muluk ta biyo ni tana dafa gwiwa, tana haki. Ta tsaya a bayana. Na juya da niyyar in wanke ta tas, don zuciyata tafasa take, na tara maganganu tun na yarinta. Sai na ga fuskarta. Ta kai hannu za ta taɓa, ta tuna ba ta da alwala, ta janye.

"Ban kunna komai ba," ta ce. "Rubaba, wallahi ban kawo wuta kusa da shi ba."

Haushinta nake ji, tausayinta nake ji, kuma babu wanda ya rage ɗayan.

A kan faranti muka sauko da shi. Na so in ɓoye, amma yana jin takunmu, ya san nauyin da muka ɗauko. Na ajiye masa a cinya. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗora hannun hagu ya shafa, yatsunsa suka nutse don kakin bai gama hucewa ba. Muluk ta durƙusa a gefen shimfiɗa tana jiran abin da zai ce, kuma na san da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Ya dube ta. "Da wannan... gwiwar... kika hau?"

Ta kifa kai a kan bargo.

Kada a ce bai gwada ba. Washegari ya sa na kawo ruwan ɗumi a kwano, muka tausasa kakin. Ya yi ta murzawa da hagu, abin na zamewa, ba hannun da zai tallafe. Ya ce in zama hannunsa na dama. Na yi alwala na zauna, ni da ban taɓa gina komai ba sai ƙullu. Yana cewa ja, ina ja. Lanƙwasa, ina lanƙwasawa. Kalmomin ba sa fita daidai, ni kuma ba na ganin abin da yake gani. Muka kai har la'asar. Ya karkata kai ya dubi abin da muka yi.

"Burodi," ya ce.

Na yi dariya, shi ma ya yi, sai dariyar tasa ta juye ta zama wani abu, na tashi na fita tsakar gida na tsaya wurin famfo har ya gama. Mun sake gwadawa bayan nan, amma kowace rana yana saurin gajiya fiye da jiya. Daga baya in na ɗauko kwanon sai ya juya fuska bango.

Abokan zikirinsa sun zo dubiya, tsofaffi masu gashin baki har haɓa. Ɗaya daga cikinsu ya ga farantin, aka ba shi labari, ya girgiza kai cikin jin daɗi ya ce ai wannan ishara ce, komai narkewa yake ya koma ga Mai shi, Usta ya kai inda ake so a kai. Na dubi Usta. Hawaye ne ke bin gefen da ya shanye, inda ba ya ji balle ya goge. Na ɗauke kofin tsohon tun bai shanye ba, na ce mara lafiya zai yi barci.

Aga Hushang ne ya zo a ƙarshe, da ledar rumman na farkon nuna, ɓawonsu da sauran kore. Babban mutum ne mai ƙonannun hannuwa, ya shigo yana murza su.

"Albishirinka, tsohon mahaukaci. An ce za a daina ɗauke mana wuta. Na gyara tanderu, yumɓu na jiƙe. Ina amaryar?"

Ba wanda ya gaya masa. Na nuna masa farantin da ido. Ya tsuguna ya duba ta nan, ya duba ta can, irin duban mai sana'a da ke neman ta inda za a ceto. Ya miƙe a hankali.

"Ba hoto? Ko zane a takarda?"

Usta ya girgiza kai. Bai taɓa zana aikinsa ba, a hannu yake riƙe da shi.

"To buhun fa, Nusrat abokina? Yana nan yadda ka kawo."

"Ka yi... famfo."

"Haba dai. Tagullar da ta sha zikiri shekara da shekaru?"

"Famfo," ya sake cewa, ya rufe ido.

Daga ranar ya rage ci. Muluk ta dafa duk abin da ta tuna yana so tun suna yara, ya sha cokali biyu don kada ta yi kuka. Bai taɓa ɗaga mata maganar ba, ko sau ɗaya. Ita ce ke ɗagawa, tana goge masa baki tana cewa, "Yaya ka yafe min," shi kuma ya ɗan matsa yatsunta. Ta rame ta fi shi. Na ce mata ta bar azabtar da kanta, niyyarta mai kyau ce, garin gyaran gira ne aka rasa ido. Ta ce ta sani, kuma sanin bai rage mata komai ba.

Ya rasu da hantsi, ranar da aka fara jin sanyin kaka a iska. Ina shanya a rufinmu na ji muryar Muluk tana kiran sunana, ba da ƙarfi ba. Na tarar ta riga ta rufe masa ido, ta ɗaure masa haɓa da ɗankwalinta. An yi jana'iza da mutane daidai gwargwado. Wani a maƙabarta ya tambaye ni mamacin me yake yi, na ce mai rubutu ne. Dutsen kabarinsa a shagon bakin titi aka yanka, da inji.

Bayan addu'ar uku aka watse, aka kwashe kofuna da farantan dabino. Na shiga da la'asar in taya Muluk ninke darduma, ban gan ta ba. Na leƙa ɗakin girki, na leƙa ɗakin sama. Sai na ga silifanta a bakin matakalar ɗakin ƙasa, a jere, ƙofar a rufe ruf.

Na tura a hankali na sauka. Ta jiƙa buhunan, ta yayyafa wa daɓe ruwa. Farantin yana kan kujerar katako, dunƙulen kakin a kai, da shatin yatsun hannun hagu a gefensa. Ita tana zaune a ƙasa da gwiwarta mai ciwo a miƙe, ruwan alwala bai bushe a hannunta ba. Ba ta waiwayo ba. Mafici ne a hannunta, tana yi masa fifita.